Tsoron likitan haƙori: daga ina yake tasowa, kuma ta ina ake karya lagonsa?

A layinmu na Tudun Wada akwai wani dattijo, tsohon direban babbar mota, wanda ya shafe shekaru yana keta hanyar Birnin Gwari da tsakar dare. Ba mutum ba ne da wani zai kalla ya ce masa matsoraci. Amma wata huɗu cur ya yi yana fama da turminsa na ƙasa, yana cusa kanumfari a kogon, yana haɗiye duk ƙwayar da yaron kemis ya miƙo masa. Ranar da na ga kuncinsa ya tasa, sai na ce, "Baba, ku bari in raka ku asibiti mana." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ka bar ni da kanumfarina. Wannan kujerar tasu ba zan iya ba."

Maganar ta tsaya mini a rai domin na san ta ciki da bai. Ina ɗan shekara tara mutum biyu suka danne ni a wani shago, aka fizge mini haƙori ba tare da an kashe zafin ba. Daga ranar sai da na girma, har na yi iyali, kafin na sake yarda wani ya sa ƙarfe a bakina. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Don haka idan na ce wannan tsoro yana da magani, ba daga nesa nake hango shi ba.

Abin da muke kira tsoron likitan haƙori igiya ce da aka tufka da zare da yawa, kuma kowa da zaren da ya fi ɗaure shi. Wani allura ce matsalarsa, tun kafin a ɗauko ta gumi ya keto masa. Wani ƙarar injin goge kogo ce, wadda ke bi ta ƙashin muƙamuƙi ta shiga kunne kai tsaye, shi ya sa wanda ke kan kujera yake jin ta fiye da wanda ke tsaye kusa da shi. Wani kuma warin ɗakin kaɗai ya isa ya tayar masa da tsohon tabo. Abin mamaki, wannan ƙamshin da ake ji a ɗakunan haƙori da yawa na man kanumfari ne, wanda likitoci ke haɗawa a cikon wucin gadi. Abin da Baba yake gudu a asibiti da abin da yake cusawa a bakinsa a gida asalinsu ɗaya.

Amma zaren da na ga ya fi ƙarfi a wurinmu, kuma ba a cika faɗinsa ba, shi ne rasa iko da kai. Ka duba yadda abin yake. An kwantar da kai rigingine, an haske maka fuska da fitila, bakinka a wangame, hannun wani a ciki, ba ka iya magana, ko yawu ba ka iya haɗiyewa yadda kake so. Magidanci da ya saba a gidansa shi ke faɗa a ji, yanzu ga shi kwance a gaban sa'an ɗansa. Matar aure da ko dariya ba ta yi sai ta kare baki da gefen mayafi, yanzu an ce ta buɗe wa namiji baƙo. A nan tsoro yake gauraya da kunya, kunyar warin baki, da jan goro da ya dafe, da guntayen haƙoran da suka karye, da fargabar a ce, "Hajiya, ina kika shiga har ya kai haka?" Sau da yawa kuma akwai wani zaren da ke laɓe a bayansu, wato kuɗi. Mutum ya gwammace ya ce allura yake tsoro da ya ce bai san nawa za a caje shi ba.

Masu bincike sun daɗe da lura da wannan bambanci. Akwai wani ɗan ma'auni mai tambayoyi 5 da ake amfani da shi a ƙasashe da dama: yaya za ka ji idan gobe ne za ka je, yaya za ka ji kana zaune kana jiran layi, idan za a sa maka inji a haƙori, idan za a yi maka wankin haƙori, da kuma idan za a yi maka allura a dasashi. Kowace tambaya maki 1 zuwa 5, jimla daga 5 zuwa 25, wanda ya kai 19 ana ɗaukar tsoronsa ya yi tsanani. Amfanin tambayoyin a wurina ba makin ba ne. Suna sa mutum ya gano takamaiman wurin da gabansa ke faɗuwa, domin wanda ke tsoron allura da wanda ke tsoron a yi masa faɗa ba hanya ɗaya za a bi da su ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Haƙori hawa uku ne. Na waje farin ɓawo ne, shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam, kuma babu jijiya a cikinsa. Ƙarƙashinsa akwai wani ƙashi mai ƙananan kafofi, wanda idan ya bayyana ake jin tsami in an sha ruwan sanyi ko an ci alawa. A can ciki kuma akwai ɓargo, inda jijiya da hanyoyin jini suke. Ƙwayoyin cuta da ke zaune a baki suna cin sukarin da muka bari, na shayi da lemon kwalba da biskit, su fitar da wani ruwa mai tsami da ke cinye ɓawon a hankali. Muddin ramin yana waje, ba ya ciwo, kuma cike shi aiki ne na ɗan lokaci. Idan ya isa ɓargo ne ake samun ciwon nan da ke hana barci, mai ƙaruwa da zarar an kwanta. Sai kuma wata rana ciwon ya ɗauke ɗif, mutum ya yi hamdala ya ce maganin wane ya yi aiki. Sau da yawa jijiyar ce ta mutu. Cutar tana nan, ta gangara saiwa, tana tara ruwa a cikin ƙashi.

To mai tsoro yaushe yake zuwa asibiti? Sai a wannan mataki na ƙarshe, da kumburi da kwana uku ba barci. Nan ne kuma allurar kashe zafi ta fi wuyar kamawa, domin naman da ya kumbura tsami yake yi, tsamin yana rage wa maganin ƙarfin ratsa jijiya, jijiyoyin wurin kuma sun riga sun harzuƙa. Ga shi a lokacin ciko ya wuce, sai dai cirewa ko wankin saiwa, aiki mai tsawo da tsada. Mutum ya fito yana cewa, "Ai dama na faɗa." Ya je majalisa ko gidan suna ya ba da labari, mutum goma su ɗauki tsoron ba tare da sun taɓa zama a kujerar ba. Wani likitan haƙori ɗan ƙasar Suwidin, Ulf Berggren, ya bayyana wannan zagaye tun a 1984: tsoro ya haifi gudu, gudu ya lalata baki, lalacewar ta haifi kunya, kunyar ta ƙara tsoro. A ganina wannan shi ne zuciyar maganar gaba ɗaya. Mafi yawan wahalar da ake ba da labarinta a garin nan wahalar zuwa a makare ce, tsoron da kansa yake ƙera ranar da ake gudu.

Kuma matsalar ba tamu kaɗai ba ce. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce kusan mutum biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki, kuma ruɓewar haƙori da ba a yi wa magani ba ita ce kan gaba. Wanda yake ganin bakinsa ne mafi muni a duniya, ya sani likitan da zai duba shi ya ga irinsa tun da safe. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Akwai maganganun da ke yawo da suke ƙara wa wutar fetur, kuma sun cancanci amsa ta gaskiya, ba dariya ba. Ana cewa cire haƙorin sama yana taɓa ido har ya makantar. Jijiyar da ke kai gani daban take, wadda ke kula da haƙora daban, ba sa haɗa hanya. Abin da kan iya taɓa ido shi ne ruɓaɓɓen haƙorin sama da aka bari har kumburinsa ya haura. Ana cewa wankin haƙori yana sa haƙora girgiɗi da giɓi. Abin da ke faruwa shi ne dattin da ya daskare ya zama dutse ya riga ya cinye dasashi da ƙashin da ke riƙe da haƙorin, in an kankare shi sai ɓarnar da ya rufe ta bayyana. Ana cewa mai ciki ba ta zuwa. Tana zuwa, ta dai faɗa wa likita watanninta, kuma watannin tsakiya sun fi mata sauƙin kwanciya a kujera. Ita kuwa tsutsar haƙori da masu magani ke nunawa a cokali a bakin kasuwa, tun zamanin Babila ake wannan zance, kuma babu tsutsa a cikin haƙori. Abin da ya fi damuna shi ne masu ɗiga ruwan batir a kogo, ko su ɗora asfirin a kan dasashi. Ƙuna suke jawo wa kansu a kan ciwon da ke nan.

Game da zafi kuwa, ya kamata a san cewa likitocin haƙori ne suka buɗe wa duniya ƙofar tiyata ba tare da azaba ba. A 1844 Horace Wells, likitan haƙori a Amurka, ya sa aka cire masa nasa haƙorin bayan ya shaƙi iskar nan mai sa maye da dariya. A 1846 wani likitan haƙorin, William Morton, ya nuna a birnin Boston cewa ana iya sa mutum barci a yi masa aiki. Maganin da aka fi yi wa mutane allurarsa a yau, lidokain, a Suwidin aka haɗa shi a 1943. Wannan sana'a ta fi shekara 150 tana yaƙi da zafi. Abin da aka yi mini a shago ina yaro ba aikin likita ba ne.

Sai dai akwai abubuwa biyu da in ba a faɗa wa mutum tun farko ba, za su firgita shi a banza. Na ɗaya, allurar tana kashe zafi amma ba ta kashe jin dannawa. Za ka ji ana turawa, ana jijjigawa, har ka ji wata 'yar ƙara a cikin kai. Mai tsoro yakan fassara wannan da cewa allurar ba ta kama ba, jikinsa ya ɗauki rawa. Bambancin a bayyane yake: dannawa nauyi ce, zafi kuwa tsini ne kamar tartsatsi. In ka ji tsinin, haƙƙinka ne a tsaya a ƙara maka. Na biyu, yawancin allurar ana haɗa ta da ɗan sinadarin adiranalin don ta daɗe a wurin kuma jini ya ragu, shi kuwa yakan sa zuciya ta buga da sauri na 'yan mintuna, hannu ya ɗan yi karkarwa. Wanda bai sani ba sai ya zaci wani abu ne ke shirin samunsa. Yana wucewa da kansa. Haka nauyin leɓe da rabin harshe bayan allurar muƙamuƙin ƙasa, sa'o'i kaɗan ne ya sake.

To ta ina ake karya zagayen? Ta wurin da ya fi rauni, wato a je ranar da babu ciwo. Na san abin yana da baƙunta a wurinmu, mu da ba mu san hanyar asibiti ba sai ciwo ya kayar da mu. Amma mai tsoro ya fi kowa buƙatar wannan. Ka yanki kati, ka ce dubawa kawai ka zo, ba za a yi maka komai ba yau. Ka zauna a kujerar, a duba, in da hali a ɗauki hoto, a faɗa maka abin da aka gani da abin da kowane aiki zai ci, ka tashi ka tafi gida. Ƙwaƙwalwa ba ta jin lallashi da baki, da abin da ya faru take koyo. Ta shiga ɗakin nan ta fito lafiya sau ɗaya, ta fara sassautawa. Zuwa na biyu a yi abu mai sauƙi kamar wanki. Babban aikin ya zo daga baya. A Kaduna akwai sashen haƙori a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko da Asibitin Sojoji na 44, ga na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika ga wanda aikinsa ya yi girma, ban da masu zaman kansu. Wanda ke cikin tsarin inshorar lafiya ya tambaya tun a teburin kati abin da tsarinsa ya ɗauke masa.

Kafin a kwantar da kujera, ka faɗi maganar da bakinka: "Likita, ni fa ina jin tsoro, an taɓa wahalar da ni." Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Wannan jimla tana canja yadda za a yi da kai, a shafa maka maganin da ke kashe saman dasashi kafin allura, a tura allurar a hankali, wanda shi ne sirrin rage zafinta, a jira ta kama sosai. Sannan ku yi yarjejeniya: in na ɗaga hannun hagu, a tsaya. A duk dabarun da na gwada babu wadda ta kai wannan, domin ita ce ke mayar wa mutum ikon da kujerar ta ƙwace. Da yawa ba sa ma ɗaga hannun, sanin cewa suna iyawa ya wadatar. Likitan da ya yi maka tsawa ko ya ƙi wannan sharaɗi, ka nemi wani. Macen da ta fi sakewa da likita mace ta tambaya ko akwai, ko ta shiga da 'yar'uwarta, babu aibi a ciki.

Sauran ƙananan abubuwa ne amma suna aiki. A karɓi layin safe don kada a wuni ana saƙa da warwara. A ci abinci kafin a je, sai fa in likita ya hana, domin yunwa da fargaba ne ke haɗuwa su sa mutum ya sume. A rage shayi mai kauri da goro a ranar. A kan kujera a riƙa jan numfashi ta hanci a hankali, a sake shi ya fi jan tsawo, wannan yana rage bugun zuciya da gaske. Wani carbi yake ja, wani ya sa abin sauraro a kunne ya kunna karatu ko waƙar da yake so don ta danne ƙarar inji. Kuma a gaya wa likita in akwai hawan jini, ciwon suga, sikila, ko ana shan maganin tsinka jini. Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne mutum ya sha tiramol ko ƙwayar barci daga kemis don ya samu ƙarfin hali. In ana buƙatar maganin kwantar da hankali, likita ne zai rubuta, ya san abin da ya ba ka.

Akwai waɗanda nasu ya wuce nan, ko wucewa ta ƙofar asibitin ba sa iyawa, ko su sume da ganin allura. Wannan lalura ce da masana halayyar ɗan Adam ke magancewa ta hanyar saba wa mutum da abin da yake tsoro mataki mataki, kuma tana jin magani. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa ba na masu taɓin hankali kaɗai ba ne, duk da abin da sunan unguwar ke jawowa a bakin mutane.

Ba zan bar maganar yara ba, domin a nan muke shuka abin da hannunmu. "In ba ka yi shiru ba zan kai ka a yi maka allura." Sau nawa aka faɗi haka a gidajenmu yau kaɗai? Mun mayar da likita dodo, sannan muna mamaki in yaro ya ƙanƙame ƙofa. Kada kuma a yi masa ƙarya a ce ba za a taɓa shi ba, ƙaryar ce ke zama tabon. A kai shi tun ba ya ciwo, ya hau kujerar, a ƙirga masa haƙora, a nuna masa madubin. Haƙoran yarinta 20 ne, na manya 32, kuma wajen shekara 6 wani turmi na dindindin yana fitowa a can baya ba tare da an yi famfarar komai ba. Iyaye da yawa suna ɗaukarsa na yarinta ne, su bar shi ya ruɓe suna jiran ya faɗi. Ba zai sake fitowa ba.

Akwai kuma lokacin da ba a jiran tsoro ya lafa. Kumburin da ya gangara ƙarƙashin haɓa ko wuya, ko ya haura wajen ido, da zazzaɓi, da kasa buɗe baki, da wahalar haɗiya ko numfashi, wannan na gaggawa ne ko da tsakar dare, domin kumburin turmin ƙasa yana iya toshe hanyar iska. Kafso da falajil na kemis suna iya kwantar da shi na ɗan lokaci, amma muddin tushen yana cikin haƙorin, zai dawo.

Kasa buɗe bakin ne ya sa Baba ya yarda a ƙarshe. Muka hau Keke da sassafe. A ƙofar ɗakin ya riƙe hannuna ya ce, "Ka gaya mata." Na ce, "Baba, ku za ku faɗa da kanku." Ya yi shiru, sannan ya dubi likitar, wadda ba ta wuce sa'ar 'yarsa ba, ya ce, "'Yata, tsoro nake ji." Ta ajiye abin da ke hannunta, ta jawo kujera ta zauna daidai da shi, ta nuna masa hannun da zai ɗaga. Sau biyu ya ɗaga, sau biyu ta tsaya. Turmin bai tsira ba, wata huɗun sun riga sun cinye shi. Amma ta gano wasu biyu masu ƙananan ramuka a ɗaya gefen, ta ba shi rana bayan mako uku. Ran nan da na leƙa gidansa da safe don in raka shi, aka ce mini ai tun bayan asuba ya fita, wai yana so ya riga layi.